Kokwamba a rumfar leda ko a fili, wanne ya fi biya?

Malam, ka ce kana da gona da rijiyar burtsatse a gefen Kano, kana so ka san ko ka zuba jarinka a doguwar rumfar leda, ko ka yi kokwamba a fili kamar kowa. A ganina lokacin shuka da mai saye ne za su raba gardamar.

Ita wannan rumfa, baka ce ta ƙarfe da aka lulluɓe da leda, mutum na tafiya a ciki a tsaye, shuka kuma a ƙasa ake yi. A Amurka da Turai ana kafa ta ne don ta tara zafi, manomi ya yi shuka tun sanyi bai gama wucewa ba, ya kuma ci gaba da girbi bayan sanyi ya dawo. Mu zafin ne ya yi mana yawa. Kokwamba tana jin daɗi tsakanin digiri 24 zuwa 30, da zarar an haura 35 fure ya fara zuba. A Afrilu Kano na taɓa 40 a waje, balle ƙarƙashin leda. Don haka a bazara fili ya fi, sai in rumfarka doguwa ce sosai, gefenta raga, da mafitar iska a ƙololuwa. Mutanen Jos sun fi mu sauƙin wannan.

Da damina labari ya juya. Babbar annobar kokwamba a fili ita ce cutar da ke sa ganye tabo-tabo rawaya, ƙarƙashinsa ya yi toka-toka, kafin ka ankara gona ta ƙone. Sai ganye ya jiƙe take kamawa, ga shi a Agusta ganye ba ya bushewa. Ka yi feshi da safe, ruwan la'asar ya wanke. A rumfa ruwan sama ba ya taɓa ganye, ban-ruwa na ɗigo ne a gindi, raga kuma ta tare ƙudan da ke huda 'ya'ya ya zuba ƙwai. Da hunturu ma, daren Disamba da Janairu kan sauka ƙasa da digiri 15, ta fili ta tsaya cak, ta rumfa tana tafiya idan ka sauke gefe da magariba.

Kada dai a ce maka rumfa ba ta da ciwo. Farin ƙuda da jajayen ƙwarin nan masu saƙa kamar gizo-gizo, idan suka shiga, gida suka samu. Duba bayan ganye kullum. Ƙasar kuma tunda ruwan sama ba ya wanke ta, gishirin taki na taruwa har ka ga fari-fari a bakin kunya. Mafi muni ita ce tsutsar da ke kumbura saiwa: ka tumɓuke gindi ka ga ƙulle-ƙulle kamar carbi. Mai fili ya matsa gaba ya huta, kai ƙarfenka a kafe yake. Ko ka sauya zuwa tumatir ba zai cece ka ba, don shi ma tana cin sa.

Iri shi ne inda mutane ke yawan faɗawa. Irin fili kamar Marketmore da Poinsett na buƙatar ƙudan zuma ya kai ƙurar fure daga namiji zuwa mace. Ka kulle shi cikin raga, sai ka samu yaɗo kore shar babu 'ya'ya. Rumfa tana son irin da ke haihuwa ba barbara, kamar dangin Beit Alpha, kuma da ƙwaya ake sayar da shi, da tsada.

Aiki ma ba ɗaya ba ne. Rumfa mai mita 8 a 24 na ɗaukar gindi 400 zuwa 480. Kowanne da igiyarsa zuwa waya mai tsayin mita 2. Za ka cire rassa da 'ya'yan da suka fito a rabin mita na farko, ka riƙa naɗe kan shukar a igiya, ka yi tsinka kusan kullum, domin ɗa guda da ya tsufa a jiki yana hana na sama fitowa. Duka biyun suna fara bayarwa a kwana 40 zuwa 50, amma ta rumfa ta fi daɗewa tana bayarwa, 'ya'yanta a miƙe, babu farin tabo a gefe irin na wadda ta kwanta a ƙasa. Ledar kuma, ko mai kaurin maikiron 200 ce, bayan shekara uku zuwa huɗu sai an sake.

Saura kasuwa. A 'Yankaba, kasuwar kayan gwari ta Kano, da buhu ake ciniki, dillali ba ruwansa da inda ta tsiro, kuma da rani masu ban-ruwa na Kadawa da Kura za su cika wurin da kayan da ba su kashe ko rabin kuɗinka ba. Idan nan ce kasuwarka, yi fili, ka kafa sanduna da igiya ka ɗaga ta daga ƙasa, za ka sami wani ɓangare na amfanin rumfa da araha. Idan kuwa kana da otel ko babban kanti a Kano ko Abuja mai saye da kilo kowane mako, kafa rumfa ɗaya tak, ka shuka a Yuni don ka yi ta tsinka a Agusta da Satumba.