ESP32-CAM ko Raspberry Pi: wanne ya dace da gadin garke a ƙauyen da ba wuta?

Ɗan'uwa, ka ce kana wani ƙauye a yankin Ringim, an fara ɗauke wa mutane awaki da daddare, kana so ka haɗa kyamara da hannunka ka ɗora ta tana kallon turke da ƙofar rumbu. Wuta ba ta zuwa muku sai jefi-jefi, sabis kuma sai an fita bakin masallaci. Tambayarka ita ce: ESP32-CAM za ka saya ko Raspberry Pi? A halin da ka bayyana, ESP32-CAM nake ba ka shawara. Ba don ta fi kyau ba, Pi ya fi ta kusan ta ko'ina. Abin da ya raba gardamar shi ne wuta, sai kuma duhun dare.

ESP32-CAM ɗan ƙaramin allo ne da bai wuce girman akwatin ashana ba. Ƙwaƙwalwarsa ta kamfanin Espressif ce da ke Shanghai, allon da ya fi yawo a kasuwa kuma samfurin Ai-Thinker ne. Yana zuwa da kyamara OV2640 mai megafiksel 2, da ramin memori, da Wi-Fi, kuma farashinsa a waje bai kai dala 10 ba. Raspberry Pi kuwa cikakkiyar kwamfuta ce, daga Ingila, tun 2012 ake yin ta. Wadda ta dace da irin aikinka ita ce Zero 2 W da ta fito a 2021 a kan dala 15. Sai dai ba ta zuwa da ido. Sai ka sayi kyamarar daban, kamar Camera Module 3 ta 2023 mai megafiksel 12 da aka sa wa dala 25, ka nemo siririyar kebul ɗin da ke shiga Zero, ka ƙara memori mai kyau. Kafin ka gama haɗawa ka kashe kuɗin ESP32 huɗu ko biyar.

Ta fuskar hoto babu haɗi. Pi yana ɗaukar bidiyo tas, 1080p, ka sa masa manhajar motionEye ya riƙa naɗa duk lokacin da wani abu ya motsa. ESP32 hotuna ne ƙarfinta, bidiyonta yana tsalle-tsalle. Amma hoton 1600 da 1200 ya isa a gane fuskar mutum a tazarar mita 3 zuwa 4 idan akwai haske, kuma a ƙauye ɓarawon akuya ba kasafai yake zama baƙo ba. Hoto ɗaya mai kyau ya wadatar.

Yanzu ga lissafin da ya sa na zaɓi ESP32. Pi Zero ba ya barci. Da kyamara a kunne yana jan kusan wat 2, dare da rana, wato wajen wat-awa 48 a kwana ɗaya. Batirin nan na 12V 7Ah da ake sa wa UPS wat-awa 84 ne a rubuce, kuma idan kana so ya yi ƙarko rabi kawai za ka riƙa sha. Ka ga ke nan bai cika kwana guda ba. Dole ka haɗa da farantin sola na aƙalla wat 20 da na'urar daidaita caji, kuma a watan Agusta, in hadari ya rufe rana kwana biyu a jere, zai mutu. Mutuwar ma ba ita ce babbar matsalar ba. Pi yana gudana ne daga kan memori, in wuta ta yanke masa yana tsakiyar rubutu, katin na iya lalacewa ya ƙi tashi sai ka sake ɗora masa komai.

ESP32 kuwa kamar karen gida take: tana kwance shiru, sai ta ji motsi ta zabura. Za ka haɗa ta da na'urar jin motsi HC-SR501, wadda ke gane ɗumin jiki daga nisan kusan mita 7. ESP32 ɗin in tana barci milliamfa 6 kacal take ja. In mutum ya gitta, ta farka, ta ɗauki hotuna, ta ajiye a memori, ta koma. Batir 18650, wato na lithium mai siffar gwangwani da ake samu a cikin batirin tsofaffin laftof, guda biyu na gaske za su riƙe ta kwanaki, in ka ƙara ƙaramin faranti na wat 5 da allon caji TP4056, da MT3608 da zai ɗaga wutar zuwa 5V, ka huta. Na ce na gaske ne saboda kasuwa cike take da masu rubutun 9900mAh. Babu 18650 mai wannan ƙarfin, masu kyau ba sa wuce wajen 3500. Gara ka je wurin mai gyaran laftof ya ciro maka daga tsohon batir ya auna a gabanka. Kuma kar ka ce za ka taƙaita wahala da fawa-banki: yawancinsu suna kashe kansu idan abin da ke jiki ba ya jan wuta sosai, sai kyamarar ta yi barcin da ba tashi.

Kar ka ɗauka ESP32 ba ta da nata halin. Ba ta da ramin USB, don haka ka nemi wadda aka haɗo da ƙaramin allon nan ESP32-CAM-MB, in ba haka ba sai ka sayi FTDI, ɗan allon da ke haɗa ta da USB na kwamfuta, kana haɗa ƙafafunta biyu masu suna IO0 da GND duk lokacin da za ka ɗora mata manhaja daga Arduino IDE, wato manhajar kwamfuta da ake rubuta mata umarni. Tana da tsegumin wuta: siririyar waya ko raunin batir, sai ta riƙa kashe kanta tana tashi. Hoton farko bayan ta farka yakan fito kore ko duhu, don haka ka rubuta mata ta zubar da biyun farko, ta ajiye na bayansu. Sannan farar fitilar da ke jikinta tana kan layi ɗaya da memori, wato ƙafar allon mai suna GPIO4, tana walƙiya duk lokacin da ake ajiye hoto. Wannan kai tsaye nuna wa ɓarawo inda take ne. A cikin umarnin da za ka rubuta mata, ka buɗe memorin a tsarin 1-bit, wanda ke aiki da layin bayanai ɗaya tak, fitilar za ta yi shiru, kuma ka samu ƙafar GPIO13 a sake ka ɗaura na'urar motsin a kai. Pi ba shi da waɗannan ƙananan rigingimu, amma sai ka saba da Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da shi.

Dare kuma, dukkansu makafi ne in ba ka taimaka musu ba. Pi yana da kyamarar NoIR da aka cire wa matatar infrared, wato hasken da idon mutum ba ya gani amma kyamara tana gani, ESP32 ma ana samun OV2640 irin ta dare. Sai ka haɗa da fitilun infrared: masu 850nm suna ɗan yin ja-ja in an kalle su, masu 940nm ba a ganinsu amma haskensu a kyamara ya fi rauni. Matsalarsu biyu. Suna shan wuta, kuma idan suna manne da ido, ƙwari da yanar gizo-gizo za su cika maka hoto da fari, musamman da damina. Ni abin da na fi so ya fi wannan sauƙi: ka sayi fitilar sola mai kunna kanta in ta ji motsi, irin da ake kafawa a katanga, ka sa ta a wani gefe daban, kyamarar kuma a ɓoye a ɗaya gefen. Fitila ta haska, mutum ya ɗaga kai ya kalle ta, kai kuma ka samu fuska da launin riga. Batirinta daban, ba ruwanta da naka.

Na'urar motsin ba ta san akuya da mutum ba, in ka juya ta cikin garke memori zai cika da hoton tumaki suna tuƙa. Ka sa ta kalli hanyar shigowa ko inda katanga ta fi gajarta. Da bazara kuma, daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, jinta yana raguwa saboda ɗumin iska ya kusa na jiki, don haka ka matso da ita. Tsayi kar ya wuce mita biyu da rabi, in ka kai ta can sama hula kawai za ka riƙa ɗauka.

Maganar sabis da ka yi, ka fara da memori kawai, da safe ka cire ka duba a waya. In daga baya ka samu MiFi, ɗan akwatin da ake sa wa layin waya ya ba da Wi-Fi, da ke kamawa a gidan, ESP32 tana iya tura hoto zuwa Telegram, kowane ɗaya bai wuce 'yan ɗaruruwan kilobayit ba. Kallon bidiyon Pi kai tsaye kuwa cin data ne. Dukkansu Wi-Fi na 2.4GHz kaɗai suke kamawa, kuma katangar laka mai kauri tana rage shi sosai. Ba intanet kuma ba su san ƙarfe nawa ba, sai dai lambar hoto ta nuna maka wanne ya riga wani.

Akwati ka samu na roba irin na masu wayarin, fari, kar ka manna shi da kwanon rufi, domin batirin lithium ba a son caja shi a zafin da ya wuce digiri 45. Ka toshe ramuka da gam saboda zanzaro da tururuwa, da hunturu kuma ka riƙa goge gilashin, ƙurar hazo tana dusashe hoto cikin 'yan kwanaki. Kayan haɗi ka duba layin masu kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari ta Kano, memori da kebul a Farm Centre, allon kansa in bai samu ba sai oda. Wasu za su ce ka ɗauki tsohuwar waya ka sa mata manhaja. Tana aiki a cikin shago, amma a waje tana kan caji kullum cikin wannan zafin, batirin kumbura zai yi.

Sai ka kula da inda idon ke kallo. Gidajenmu katanga ɗaya ce tsakani, kyamarar da ta leƙa tsakar gidan maƙwabci inda iyalinsa ke harkarsu za ta jawo maka abin da ya fi satar akuya, ga kuma hanin leƙen asirin mutane a aya ta 12 cikin Suratul Hujurat. Ka nuna wa maƙwabcinka abin da take ɗauka tun ranar farko. In ta kama wani, ka kai hoton wurin mai unguwa ko 'yan sanda, kar ka watsa a Facebook.

In kana da babban sola a gida mai inbata da ba ya mutuwa, ko shago ne a cikin garin Ringim kake son gani daga nesa, to a nan Pi Zero 2 W da NoIR ya cancanci kuɗinsa. Na garke kuwa, da kuɗin Pi ɗaya ka haɗa ESP32 biyu, ɗaya a bakin zaure ɗaya a bayan gida, ka sayi ta uku ka ajiye, don wadda ake koyon haɗi da ita ba kasafai take tsira daga kuskuren juya wayoyin wuta ba.