Bawul ɗin rage iska na turbo: wanne ya kamata ka saya?

Da zarar ka ɗaga ƙafa daga totur, ƙofar iska ta rufe, amma turbo, wato na'urar da ke matso iska cikin inji, bai daina juyawa ba. Iskar da ya riga ya matso sai ta rasa mafita, ta dawo ta bugi fankarsa. Wannan ɗan bawul shi ke buɗe mata hanya. Ba shi ne wastegate ba, shi wancan wani bawul ne daban na turbo, aikinsa na ɓangaren hayaƙin salansa.

A injin 2.0 TFSI na Golf 5 GTI da Passat B6 da Audi A4 B7, bawul ɗin na lantarki ne, kusoshi 3 ke riƙe da shi a jikin turbo. Na farko-farkon suna da siririyar roba a ciki, kuma yagewa take yi. In ta yage, mota sai ta yi sanyi a hawa, kwamfutar motar ta nuna P0299, lambar da ke nufin matsin iskar turbo ya yi ƙasa, makanike ya fara zargin turbo gaba ɗaya.

Ni dai zaɓina mai lamba 06H 145 710 D, wanda kamfanin Pierburg ke ƙerawa. Fistin aka sa masa a madadin robar nan mai yagewa. Iskar da ya saki kuma ba waje take fita ba, tana komawa bakin turbo ne. Wannan shi ne abin da ya fi min komai muhimmanci, domin sensa ta riga ta auna iskar, kwamfuta kuma ta ware mata mai daidai gwargwado. Ba saiti, ba yanka waya. Ka ɗaura, ka jona soket, ka tafi.

Wani samfurin, GFB DV+ na Ostireliya, yana da kyau ga wanda ya ƙara wa injinsa ƙarfi. Bawuloli masu fesar da iska waje suna "fishsh" kuwa, ƙara ce kawai ka saya: iskar da aka auna ta fice, mai ya yi wa injin yawa, wani lokacin mota ta mutu a mahaɗa.

Sai dai jabu ya cika kasuwa, kuma nan ne ake cutar mutane. An taɓa sayar min da wani a kwali mai kyau, lamba daidai, tambari daidai. Ba a jima ba fistin ɗin ya fara maƙalewa. Don haka kada kwali ya ruɗe ka, a fito maka da shi ka riƙe. Danna fistin da ɗan yatsa: ya shige sumul, ya dawo da kansa ba tare da ya ja ba. Duba rubutun jikinsa, na jabu yakan fito dishi-dishi, gefen robar da kaushi. Duba harafin ƙarshe na lambar da idonka, ka tabbata D ne, don akwai masu wanke tsohon samfurin mai roba da fetur su ce maka ɗan Beljiyam ne sabo fil. In an faɗi kuɗi ƙasa da na sauran shaguna nesa ba kusa ba, ka ajiye. Kuma ka tsaya a wurin lokacin ɗaurawa, a miƙo maka tsohon a hannunka.