Faifan gaban jama'a ko na situdiyo: da wanne ya kamata a fara?

Ɗan'uwa, ka yi tambaya a kan mawaƙin nan mai cin gashin kansa, wanda yake rubuta waƙoƙinsa da kansa a salon da ake kira fok, wato waƙar ba da labari mai sauƙin kayan kiɗa. Ka ce ya fitar da faifan da aka ɗauka a gaban jama'a, daga shi sai jitarsa, kuma ka tarar masu sauraro sun rabu gida biyu a kansa: wasu suna cewa bai taɓa yin aikin da ya kai wannan ba, wasu kuwa suna cewa tsofaffin waƙoƙinsa ne na situdiyo aka sake jerawa, aka haɗa su da tafi da surutu. Kana so ka san da wanne za ka fara, wannan sabon faifan ko na situdiyo. Na saurari faifan biyu sau da yawa, kuma abin da na fahimta shi ne kowane ɓangare yana faɗin gaskiyar abin da kunnensa ya ji, sai dai abin da suka je nema a faifan ne ya bambanta.

Faifan situdiyo gini ne da ake ɗorawa hawa-hawa. Ana ɗaukar jita daban, murya daban, sannan a zo da goge ko fiyano ko 'yan amshi a ɗora a kai, kuma idan mawaƙi ya yi tuntuɓe a baiti ɗaya sai ya sake shi har ya dace. Sau da yawa akan sa masa wani ƙyas-ƙyas a kunne mai riƙe masa lokaci don kada ya yi sauri ko ya ja, kuma tun da manhajar Auto-Tune ta fito a 1997 gyaran muryar da ta ɗan kauce ya zama abu mai sauƙi. Masu fifita wannan faifan suna yabon tsabtarsa, kuma suna da hujja: za ka iya kunna shi kana wani aiki, ka maimaita shi sau ɗari, babu abin da zai tsaya maka a kunne.

Na gaban jama'a kuwa ba shi da wurin ɓuya. Murya ɗaya ce da tsirkiya shida, kuma abin da ya fito daga bakinsa a daren shi ne abin da za ka ji. Kana jin jan numfashinsa kafin dogon baiti, kana jin ƙarar yatsunsa suna zamewa a kan tsirkiya, kana jin yadda yake rage gudu idan ya iso wurin da maganar ta yi masa nauyi, abin da na'urar riƙe lokaci ba za ta bar shi ya yi ba. A nan ne na fi tsayawa, domin waƙar fok a kan kalma da labari take tsaye, kuma idan aka kwashe kayan kiɗan da suka kewaye ta, baitin ne kaɗai zai ɗauki nauyin waƙar. Akwai wata waƙa tasa da na daɗe ina ji a faifan situdiyo ina ɗaukarta waƙar soyayya mai daɗin kari, sai da na ji ta babu goge babu amshi sannan na gane cewa bankwana yake yi da wanda ya rasu. Kalmomin ba su canza ba, adon da aka yi musu ne ya rufe mini su. Irin wannan ne yake sa masu son faifan suke cewa a nan suka fara sanin mawaƙin.

Wannan ba sabon abu ba ne a wannan salo. Mawaƙin Amurka Townes Van Zandt ya yi wasa shi kaɗai da jitarsa a wani ɗan ƙaramin gidan kiɗa a Houston a 1973, aka ɗauka, faifan bai fito ba sai 1977, kuma har yau da yawa daga masu sauraronsa suna fifita shi a kan faifansa na situdiyo na farko-farko, waɗanda suke ganin an cika musu kayan kiɗa fiye da kima.

Inda aka fi samun saɓani shi ne maganar da mawaƙi yake yi tsakanin waƙoƙi. Yakan tsaya ya saita tsirkiyoyinsa, ya ba da labarin inda ya rubuta waƙar da abin da ya sa ya rubuta ta, jama'a su yi dariya ko su yi tsit. A ji na farko wannan magana takan buɗe waƙar, har ka shiga cikinta da sanin abin da ba ka sani ba. A ji na goma kuwa ka riga ka haddace labarin, kuma labari ba ya jure maimaici kamar yadda waƙa take jurewa. Masu ƙorafi a kan wannan ba su yi ƙarya ba. Abin da ya kamata ka duba shi ne ko an ware maganganun an ba su lambarsu daban, yadda za ka iya tsallake su idan ka so, ko kuwa an manne su a jikin waƙoƙin. Haka kuma faifan gaban jama'a ba ya son a yamutsa jerinsa: idan manhajarka tana zaɓo waƙoƙi barkatai, za ka ji tafi ya yanke a tsakiya, ko mawaƙin ya gabatar da wata waƙa sannan wata daban ta biyo baya. Faifan situdiyo bai damu da wannan ba.

Ta fuskar sauti, na situdiyo ya fi daidaito, wannan babu jayayya. Ingancin na gaban jama'a ya dogara ne ga yadda aka ɗauke shi. Idan daga na'urar haɗa sauti kaɗai aka jawo shi, murya takan fito kusa amma a bushe, jama'a kuma kamar suna can nesa. Idan an kafa makirufo a cikin ɗakin aka gauraya da wancan, sai ka ji faɗin wurin, tare da tarin wani da motsin kujera. Ka kuma sani cewa faifan da aka ce na gaban jama'a ne ba lalle ya zama na dare ɗaya ba, domin akan ɗauki wasa biyu ko uku a tsinci mafi kyau daga kowanne, kuma takardar faifan takan faɗi haka. Ƙorafin da na fi yarda da shi shi ne na tsawo. Faifan situdiyo yakan tsaya a wajen minti 40 zuwa 45, gadon tsohon faifan garmaho mai ɗaukar kimanin minti 22 a kowace fuska, alhali na gaban jama'a yakan nemi cika faifan CD, wanda yake ɗaukar minti 74 zuwa 80. Sa'a guda da 'yan kai na jita ɗaya yana bukatar mawaƙin da ya iya sauya kiɗa da kari, in ba haka ba waƙoƙin tsakiya sai su narke cikin juna, kuma ko a wannan faifan akwai biyu ko uku da na ji sun yi kama.

Game da zargin cewa tsohon kaya ne aka sake sayarwa, ya kamata a yi wa mawaƙin adalci. Wanda ba shi da kamfani a bayansa shi yake biyan hayar situdiyo da makaɗa da mai tace sauti daga aljihunsa, kuma ɗaukar wasan da dama zai yi ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Yana iya sayar da shi kai tsaye a wurin wasa ko a dandalin sayar da waƙoƙi a intanet irin Bandcamp, abin da ya samu ya taimaka masa wajen aiki na gaba. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne ko waƙoƙin sun canza: baitin da aka ƙara, karin da aka sassauta, ko waƙar da ba ta taɓa fitowa ba. A wannan faifan sun canza, shi ya sa ban karɓi zargin ba.

Shawarata gare ka ita ce ka fara da na gaban jama'a, tunda a tambayarka ka nuna cewa baitocin ne suka ja ka zuwa ga mawaƙin. Ka ware masa lokaci ka ji shi daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya, da abin ji a kunne, ba tare da tsallake maganganun ba a wannan karon. Bayan haka ka koma na situdiyo, za ka ji abin da goge da amshi suka ƙara wa kowace waƙa da abin da suka rufe. Idan kuwa abin da za ka riƙa kunnawa a mota ko a bakin aiki kake nema, na situdiyo ne zai fi yi maka amfani.