The Witcher bayan zango huɗu: rubutu ne ya cuci jaruman, zaɓensu bai yi laifi ba

Tun ranar 29 ga Oktoba 2022 da Henry Cavill ya sanar zai ajiye takobin Geralt, mafaraucin dodannin da labarin ke kansa, masu kallon The Witcher, shiri mai dogon zango na Netflix, suka rabu gida biyu. Wasu suka ce fim ya mutu a ranar, wasu suka ce a bari a ga kamun ludayin Liam Hemsworth, wanda zai gaje shi, tukuna. Zango na huɗu ya fito a Netflix ranar 30 ga Oktoba 2025, don haka yanzu akwai abin dubawa a ƙasa: zango huɗu, kowanne kashi takwas. Na kalle su duka, na kuma auna su da littattafan Andrzej Sapkowski, marubucin ƙasar Poland da ya ƙirƙiro labarin tun 1986. Abin da na gani shi ne yawancin rigimar masoya a kan fuska, launin fata da launin gashi take, alhali ɓarnar da ta fi yawa a ɗakin marubuta aka yi ta. Wanda bai kalla ba ya sani zan tona wasu abubuwan labarin.

Kafin komai sai an raba masoyan, domin ba Geralt ɗaya suke nufi ba. Akwai waɗanda suka san shi a littafi, akwai waɗanda suka san shi a wasannin bidiyo na kamfanin CD Projekt Red, musamman na uku da ya fito a 2015. Netflix littattafai ta ɗauko. Shi ya sa da hoton farko ya fito da takobi ɗaya a bayan Cavill, 'yan wasan bidiyo suka yi ca, don su biyu suka saba gani, na ƙarfe da na azurfa. A littafi kuwa na azurfar a kan doki yake zama sai an zo kan dodo. Haka gashin matsafiya Triss: jajawur ɗin da ake ta nema na wasan bidiyo ne, a littafi ruwan ƙasa ne mai ratsin ja. Anna Shaffer, wadda ta fito a matsayinta, ta sha suka a kan abin da littafin ma bai ce ba, har masu shirin suka ƙara wa gashin ja a zango na biyu.

Cavill ya cancanci yabon da ake masa, amma ya kamata a san me ake yabo. Shi ya yi ta bibiyar rawar da kansa, kuma shugabar shirin, Lauren Schmidt Hissrich, ta gwada mutum fiye da 200 kafin ta dawo kansa a 2018. Gwajin kwalliyar farko da aka nuna bai yi kyau ba, farin gashin kanti ne kwance luf kamar an goge shi, aka yi ta dariya. Aka gyara: gashin ya yi duhu-duhu, ya yi datti, aka ɗaure rabinsa ta baya. Ƙarfinsa na gaske a jiki yake. Dubi faɗan kasuwar garin Blaviken a kashi na farko na zango na ɗaya. Kyamara ba ta yawan yankewa, kana ganin fuskarsa da hannunsa a lokaci guda, yana juya riƙon takobi, yana sara gajere kusa da jiki, sannan da ya zo kan Renfri, gimbiyar da ta koma 'yar fashi, salon ya canza, ya koma karewa da ja da baya saboda ba ya son kashe ta. Halin mutumin ya fito a cikin faɗan ba tare da an furta kalma ba. Har yau shirin bai sake yin faɗa mai ma'anar wannan ba.

Inda masoyansa ba sa son a taɓa shi ne magana. Geralt na littafi mai surutu ne. Yana gardama da sarakuna da matsafa, yana kawo hujja, yana ƙorafi, wani lokaci har ya gundure ka. Na zango na ɗaya gurnani ne da ashar guda ɗaya, da murya mai kaushi da ta yi kama da wadda Doug Cockle ya yi wa wasan bidiyo. Cavill da kansa ya ce ya nemi a ƙara wa Geralt magana da tunani a zango na biyu, kuma an ga bambanci, musamman hirarsa da Nivellen, tsohon abokinsa da aka tsine wa ya zama dodo, a kashi na farko na zangon, inda Kristofer Hivju ya yi wasa mai taɓa zuciya duk da fuskar gadun da aka ɗora masa.

Hemsworth kuwa bai lalata komai ba, bai kuma cike gurbin ba. An shigo da shi da dabara: zango na huɗu ya buɗe da mai ba da labari yana ba yara tatsuniyar Geralt bayan shekaru masu yawa, aka sake nuna wasu tsofaffin wurare da sabuwar fuska. Muryarsa ta fi sauƙi, fuskarsa ta fi sakewa, yana murmushi. Wannan ya dace da wurin da labarin ya kai, domin Geralt na wannan zango mai jinyar ƙafa ne bayan dukan da ya sha a tsibirin Thanedd a zango na uku, yana tafiya cikin ayari, yana koyon dogaro da mutane. Matsalarsa nauyi ne. Idan Cavill ya yi shiru, kana jin akwai abin da ke tafasa a ciki. Idan Hemsworth ya yi shiru, sau da yawa kamar jira yake abokin wasa ya gama magana. A faɗa yana da tsayi da sauri, sai dai an fi yanka hoton, kuma ido ba ya samun lokacin gane wa ya sari wa.

Yanzu ga inda na fi jin zafi, Yennefer, matsafiyar da Geralt ke so. Da aka sanar da Anya Chalotra, 'yar Birtaniya mai tsatson Indiya, sukar biyu ce: ta yi ƙanƙanta, ba ta kai 25 ba, kuma kamanninta ba na wasan bidiyo ba ne. Zango na ɗaya ya amsa duka biyun. A kashi na biyu da na uku ta fito da ƙusumbi da karkataccen muƙamuƙi, yarinyar da aka sayar kan kuɗin da bai kai na alade ba, kuma zamanta da malamarta Tissaia, wadda MyAnna Buring ta fito a matsayinta, shi ne mafi kyawun dangantaka a duk shirin. Littafi bai faɗi wannan tarihi dalla-dalla ba, ƙari ne, kuma ƙari mai kyau. To sai zango na biyu ya zo. Aka ƙwace mata tsafinta, aka ƙirƙiro wata aljana mai suna Voleth Meir da babu ita a littafi, aka sa Yennefer ta yarda ta kai Ciri, gimbiyar ƙasar Cintra da Geralt ke riƙo, gare ta don tsafin ya dawo. A littafi na wannan lokaci Yennefer tana haikalin Melitele tana koyar da Ciri, da faɗa da tsawa da zolaya, har yarinyar ta zame mata ɗiya. Duk sauran labarin a kan wannan uwantaka ya tsaya. Da aka sa ta ci amana, sai da zango na uku ya ɓata kashinsa na farko tana rubuta wa Geralt wasiƙun neman gafara, kuma mai kallo bai manta ba. Babu jarumar da za ta iya gyara wannan, ko wace ce ita.

Ciri ma haka, kodayake ɓarnar da aka yi mata tun zango na ɗaya ce. A 2018 an yi hayaniya kan jita-jitar za a ba yarinyar da ba farar fata ba rawar, har Hissrich ta ɗan janye daga Twitter. Ƙarshe aka ɗauki Freya Allan. Duk wannan ƙurar ta rufe ainihin asarar. A littafi Geralt ya fara haɗuwa da Ciri a dajin Brokilon tana 'yar shekara goma ko kusa da haka, mai tsiwa da majina, ya goya ta, ya ba ta tatsuniya, sannan ya tafi ya bar ta tana kiransa. Saboda haka da suka sake haɗuwa bayan faɗuwar Cintra, rungumar tana da tushe. Shirin ya cire haɗuwar farko. A kashi na takwas baƙi biyu ne suka rungumi juna a daji, kuma abin da ya fito daga bakinta tambaya ce a kan wace ce Yennefer. Allan tana kusan 17 lokacin ɗaukar, ta girmi Ciri ta littafi, amma ta girma cikin rawar sosai. Kashi na bakwai na zango na uku, inda take ita kaɗai a hamadar Korath, ya nuna za ta iya riƙe awa guda ba abokin wasa.

Eskel shi ne misalin da kowane tsohon masoyi zai kawo maka. A littafi natsattse ne, mai tabo a fuska, ɗan'uwan Geralt na horo, kuma bai mutu ba. A kashi na biyu na zango na biyu ya shigo Kaer Morhen, sansanin mafarautan dodanni, da zafin kai, ya kwaso mata ya kawo su gidan da ake ɓoye wa duniya, ya rikiɗe ya zama dodon itace, Geralt ya kashe shi, duk a kashi ɗaya. Wanda bai san Eskel ba bai ji komai ba don bai saba da shi ba. Wanda ya san shi ya ji haushi. Basil Eidenbenz, wanda ya karɓi rawar bayan annobar korona ta rikita jadawalin wanda aka fara ɗauka, bai samu ko damar nuna kansa ba. Vesemir, dattijon da ya horar da Geralt, shi ma an taɓa shi: masoya sun so Mark Hamill, aka ba Kim Bodnia ɗan Denmak, ya kuma yi dattakon da ake so, sai rubutu ya sa shi ɗibar jinin Ciri don ƙera sababbin mafarautan dodanni. A zango na huɗu Peter Mullan ne ya gaje shi.

Cahir da Vilgefortz kuskure ɗaya ne aka yi musu ta fuska biyu. Cahir na littafi, sojan da ke farautar Ciri, abin tsoro ne muddin hular ƙarfe mai fukafukai tana kansa, da aka cire ta sai ga saurayi a firgice. Eamon Farren, wanda ya fito a matsayinsa, an sa shi ya zama mai tsattsauran ra'ayi da ya karkashe mutane a masauki a zango na ɗaya, don haka da lokacin tubarsa ya zo, da wuya ka yarda Geralt zai bar shi cikin ayari. Vilgefortz kuma, matsafin da ya fi kowa ƙarfi, an sa Cahir ya kayar da shi da takobi a yaƙin Sodden. Mahesh Jadu, wanda ya fito a matsayin Vilgefortz, sai a kashi na shida na zango na uku ya samu haƙƙinsa, inda ya lallasa Geralt da sandar ƙarfe ya karya masa ƙafa, kuma dole aka saka masa magana yana bayanin cewa da can ɓoye ƙarfinsa yake yi. Fringilla an yi ta musu kan baƙar fatar Mimî Khayisa, ba a kula an mayar da matsafiya mai wayo da lissafi ta zama mai sadaukar da mutane ba.

Waɗanda suka tsira su ne waɗanda aka bar su yadda suke. Joey Batey a matsayin Jaskier maroƙi ne sak, mai bin jarumi yana wasa shi da waƙa don suna ya tafi, abinci ya samu, kuma shi ke rera waƙoƙin da kansa. Aibi ɗaya: ba a tsufar da shi ba. Zango na ɗaya lokuta uku yake tafiya da su a haɗe, na Yennefer kusan shekara 70, na Geralt kusan 20, na Ciri kusan mako biyu, kuma Jaskier, wanda mutum ne kamar kowa, fuskarsa ba ta canza ba, sai mai kallo ya rasa ma'auni. Dabarar gane lokaci ita ce ka bi Sarauniya Calanthe, kakar Ciri: ta mutu a kashi na farko, tana raye a bikin ɗiyarta a na huɗu. A na uku kuma Sarki Foltest babba ne a ɓangaren Geralt, yaro ne a wurin bikin rawar da Yennefer ta halarta. Graham McTavish da Cassie Clare, wato shugaban leƙen asiri Dijkstra da matsafiya Philippa, su suka riƙe siyasar zango na uku.

Zango na huɗu ya kawo biyu da suka fi kowa. Laurence Fishburne shi ne Regis, mai shan jinin da ya tuba ya koma wanzami mai haɗa magani. An yi gunaguni kan fatarsa shi ma, amma Regis magana ce a hankali, ladabi, da dogon bayani irin na malami, kuma Fishburne ya kawo su cif. Kashi na biyar, inda ayarin ya zauna dafa miyar kifi kowa yana faɗin tarihinsa, shi ne ya fi kusa da ruhin littafin, ko da yake an cusa waƙa da zane mai motsi da ba kowa zai so ba. Sharlto Copley ɗan Afirka ta Kudu shi ne Leo Bonhart, mafaraucin mutane, kuma yadda ya gama da 'yan fashin da Ciri ta shiga cikinsu a kashin ƙarshe yana da wuyar kallo, kamar yadda ya kamata.

Wanda zai fara, ya kalla da rubutun fassara a ƙasa, domin sunayen ƙasashe da matsafa suna da yawa kuma ana faɗinsu da sauri. Shiri ne na manya: akwai tsiraici, musamman a zango na ɗaya, da jini da ashar, ba na zama da yara ba ne. Idan lokaci ya yi ƙaranci, kashi na 1 da na 3 a zango na ɗaya da kashi na 1 a zango na biyu kowannensu labari ne mai zaman kansa, sun isa ka gane ko shirin naka ne. Zango na biyar shi ne na ƙarshe, an ɗauke shi a jere da na huɗu, kuma zai shiga da naƙasu ɗaya tun daga farko: sirrin cewa Sarki Emhyr, wanda daularsa ta ci Cintra da yaƙi, shi ne mahaifin Ciri, wanda Sapkowski ya riƙe har littafin da ya rufe labarin, an riga an bayyana shi a minti na ƙarshe na zango na biyu.