Kwana uku a tanti a bakin tafkin Trillium, da iyali da Hajiya

Ranar da na gaya wa Hajiya cewa za mu je mu kwana a daji, sai da ta ajiye carbinta ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ɗan nan, gida da wuta da famfo da gado, ka baro shi ka je ka biya kuɗi a ba ka ƙasa ka kwanta? Wannan wace irin fatara ce ta masu kuɗi?" Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Watanta biyu ke nan da zuwa daga Funtuwa, zaman ɗaki a Hillsboro, garin da muke zaune a Amurka, ya ishe ta, kullum daga leƙen taga sai talabijin ɗin da ba ta jin yarensa. Na dage, jikokinta suka taya ni magiya, ta ce to, amma da bargonta na gida za ta tafi.

Wurin da muka je zango ne na masu tanti a gefen tafkin Trillium, cikin gandun dajin gwamnati na Dutsen Hood, a jihar Oregon ta Amurka. Tun watan Janairu na kama mana gurbi a shafin Recreation.gov, domin wata shida kafin ranar ake buɗe rajista, kuma kwanakin ƙarshen mako na Yuli ba sa wuni. Wanda ya tsaya shawara da uwargida, kafin su gama an kwashe. Kuɗin dare ukun bai kai abin da za mu biya a otal dare ɗaya mu biyar ba.

Bayan an sauko daga Juma'a muka kama hanya mai lamba 26, muka ratsa Portland da Gresham da Sandy. Daga Portland tafiyar kusan mil 60 ce. Idan za ka sayi wani abu na kirki, saya a Sandy, don daga nan sai hawa da itatuwa. Kana wuce ƙauyen Government Camp kaɗan za ka karya dama, ka gangara kamar mil biyu. Sunan ƙauyen, wato zangon gwamnati, ya samo asali ne daga sojojin da suka yasar da kekunan kayansu a wurin a 1849, kuma tsohuwar hanyar Barlow, wadda ayarin masu ƙaura zuwa yamma suka riƙa bi da shanu tun 1846, ta nan ta ratsa. Da na ba Hajiya wannan labari sai ta ce ashe dai zangon fatake ne, ta ɗan saki fuska.

Abin da kuɗinka ya saya maka ba shi da yawa: wurin ajiye mota, fili share inda za a kafa tanti, teburin katako mai benci, da murhun ƙarfe a kafe a ƙasa da ragar gashi a kansa. Akwai famfon ruwan sha nan da can, akwai masai. Babu wutar lantarki, babu wurin wanka. Layin wayata yana zuwa yana ɗaukewa yadda ya ga dama. Itatuwan dogaye ne miƙaƙƙu, sai ka ɗaga kai hula ta faɗi kafin ka ga ƙarshensu, kuma sun raba ka da maƙwabci daidai gwargwado. Ƙasan a lulluɓe take da busassun allurai na ganyensu, taushi kamar an shimfiɗa buntu. Amma kada wanda ya ga hotunan intanet ya zaci daga bakin tantinsa zai riƙa kallon dutsen. Daga gurbinmu ba ma ganin komai sai kututture. Sai ka taka zuwa bakin ruwa.

Masai dai masai ne, irin na rami, sai dai an ɗora masa mazauni an kewaye shi da ɗaki mai ƙofa da sakata. Da safe mun same shi a share tsaf. Babu ruwa a ciki, saboda haka buta ta zama dole, kuma mu da muka zo da biyu ba mu yi nadama ba. 'Yata, wadda aka haifa a nan, ta leƙa ramin ta fito a guje tana toshe hanci. Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki: "Kishiya, a irin wannan ubanki ya girma, namu ma ko rufi babu."

Itace ana sayarwa a nan cikin zangon, ƙulli-ƙulli, wurin wani dattijo da matarsa da ke kula da wurin, suna zaune a motarsu mai ɗaki. Ba a son ka ɗauko itace daga nesa, saboda ƙwarin da ke ɓuya cikin ɓawo su kashe daji. Ƙulli ɗaya ba ya kai ko'ina, mun ƙone uku a daren farko. Na daɗe ina fama da ashana da takarda, hayaƙi kawai nake tayarwa, sai Hajiya ta ture ni gefe. Ta tsinto 'yan ƙirare, ta jera su kamar bukka, ta durƙusa ta hura sau uku, wuta ta kama. Daga nan murhu ya zama nata. Uwargida ta fito da naman da ta tsane a tsinke tun gida, da ƙuli-ƙuli da yaji, muka jera a kan raga. Dattijon nan ya zo zagayensa na yamma, ƙamshi ya tsayar da shi, Hajiya ta miƙa masa tsinke biyu ba tare da ta nemi tafinta ba. Ya ci na farko yana tari hawaye na zuba, ya kuma cinye na biyun.

A kan wutar nan muka yi saɓaninmu ɗaya. Da za mu kwanta, Hajiya ta fara tara garwashi tana rufe shi da toka, yadda aka saba, don a tone da asuba a ɗumama ruwan alwala. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, a nan ba a kwana da wuta. Sai an kwarara mata ruwa, a juya, a ƙara, har mutum ya iya taɓa tokar da hannu." Ta ce wannan almubazzaranci ne, ita shekara nawa tana kwana da garwashi ko zani bai taɓa ƙonewa ba. Sai na ba ta labarin Satumbar 2020, lokacin da gobarar Riverside, wadda ɗan Adam ya haddasa, ta cinye sama da eka 130,000 a wannan yanki, mu a gari muka yi kwanaki ba mu ga rana ba sai jan hayaƙi, tagogi a rufe. Ta yi shiru, ta ɗauki bokitin da kanta. Ruwan alwala kuwa a ƙaramin murhun gas muka riƙa ɗumamawa. Ku zo da irinsa ko da kuna son wutar itace, don idan rani ya yi nisa daji ya bushe, hukuma takan hana hura wuta gaba ɗaya.

Sanyi ne ya ba ni kunya. Da rana riga ɗaya ta isa, har gumi muka yi wajen kafa tanti, sai na raina abin. Na manta tafkin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,100. Wajen ƙarfe biyun dare na farka haƙora suna kaɗawa. Katifar iska da na saya da araha ta sace, bayana yana kan ƙasa, ƙasar kuma tana zuƙe ɗumin jiki kamar daɓen siminti a tsakiyar hunturu. Jakar barcina ta shan iska ce, ba ta dutse ba. Na lallaɓa mota na duba, ma'aunin zafi ya nuna digiri 7 na Celsius. Laifina ne, ba na kowa ba. Hajiya kuwa, da bargonta mai nauyin buhun gero da safa biyu da hular sanyin jikanta, ko juyi ba ta yi ba. Da safe ta tambaye ni, da murmushin da na sani tun ina yaro, ko na yi barci lafiya.

Lokutan salla a wannan wata sai an yi shiri. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9, isha'i ta kusa 11, asuba kuma tun kafin 4. Mun yi ƙasaru tunda tafiyar ta kai. Bayan asubar Asabar, tunda barci ya riga ya ƙaurace mini, na ce da Hajiya ta zo mu taka. Muka bi 'yar hanyar bakin ruwa da tocila zuwa kudancin tafkin, inda madatsar take. Tafkin ba na asali ba ne, a 1960 hukumar kifi da namun daji ta jihar ta datse wani rafi mai suna Mud Creek, ruwa ya kwanta a fadamar. Faɗinsa eka 60 da 'yan kai ne kawai, ba shi da zurfi sosai, ba a kuma yarda da jirgi mai inji a kansa.

Muna isa gari ya fara wayewa. Hazo yana tashi daga kan ruwa siriri-siriri kamar tururin tukunya. Dutsen Hood ya tsaya a gabanmu, sama da mita 3,400, babu wanda ya kai shi tsawo a duk Oregon, ƙanƙara fara fat a kafaɗunsa cikin watan Yuli. Ga wani kuma a cikin ruwa, kansa a ƙasa, komai da komai, har layin itatuwan da ke gindinsa. Kan dutsen ya fara yin ja-ja kafin rana ta iso mu. Wasu masu ɗaukar hoto su huɗu sun kafa kyamarori a jere, babu mai magana. Kifi ya yi tsalle, dutsen cikin ruwa ya karkarwa ya wargaje, muka tsaya har ya sake haɗuwa. Hajiya ta daɗe tana jan carbi. Can ta ce, "Ikon Allah. Ɗan nan, ɗauke ni hoto, amma ka sa na ƙasan ya fito."

A nan na lura da wani abu. A wannan yanki alƙibla ba gabas take ba, arewa ce ta ɗan karkata gabas, Hajiya ma ta riga ta saba da haka a gidanmu na Hillsboro. Da na buɗe manhajar alƙibla a bakin madatsar, sai kibiyar ta nuna kan dutsen cak. Da muka dawo wurin sallar magariba ranar Lahadi, ta shimfiɗa darduma, ta dubi dutsen, ta dubi Turawan da ke zaune a kan duwatsu, ta ɗauki buta ta dasa a gabanta. "Kada su koma gida su ce sun ga tsohuwa tana yi wa dutse sujada." Ban gaya mata ba cewa dutsen mai aman wuta ne, wanda ya yi na ƙarshe a ƙarshen ƙarni na 18, sai da muka dawo gida.

Wannan kyan na safiya ne. Kafin hantsi iska ta taso, madubin ya tafi. Ranar Asabar kuwa, daga ƙarfe 11 wurin ya zama kasuwa. Masu wuni suka cika bakin ruwa ba masaka tsinke, motoci har kan hanya, kwale-kwalen roba da allunan tsayuwa sun rufe tafkin, karnuka ko'ina duk da suna ɗaure da igiya. Ɗaya ya zo yana shinshina dardumar da muka shanya, Hajiya ta sa aka wanke ta. Shigar masu wanka ma ba irin wadda za ka zauna kallo kai da mahaifiyarka ba ce, muka tattara muka koma gurbinmu cikin itatuwa. A nan na gode wa Allah da ban samu gurbin bakin ruwan da na so tun farko ba. Masai ma da yammacin ranar ya nuna ya karɓi baƙi. Da dare wasu samari a gurbi na uku da mu suka saki kiɗa da shewa har bayan 11, alhali dokar wurin daga ƙarfe 10 a yi tsit. Dattijon nan ya je da tocilarsa, magana ɗaya, aka kashe.

Sauro akwai shi da magariba, manya, masu huda riga. Ku zo da maganin shafawa. Ɓarayin wurin kuma 'yan kurege ne masu zane a baya da wasu tsuntsaye masu ruwan toka marasa kunya. Na juya baya in zuba shayi, ɗaya ya sauko ya ɗauke yankan burodi daga faranti. Duk abin ci a mota yake kwana.

Hanyar da ta zagaye tafkin kusan kilomita 3 ce, shimfiɗaɗɗiya, wani sashen katako ne bisa fadama, Hajiya ta gama ta da hutu biyu. Ɗana ya jefa fatsa daga kan dakalin masu kamun kifi, domin ana zuba kifin trout a tafkin, kuma yaron da bai kai shekara 12 ba ba ya bukatar lasisi. Awa biyu ya kamo ɗaya, ɗan tsito. Kakarsa ta soya masa shi da kanta tana cewa angonta ya kawo cefane. Da hantsin Lahadi muka hau mota zuwa Timberline, tsohon masaukin katako da dutse da shugaba Roosevelt ya buɗe a 1937, can sama wajen mita 1,800. Mutane suna wasan sulu a kan ƙanƙara tsakiyar bazara. Hajiya ta damƙi ƙanƙarar, ta ce ashe ba ta da nauyi, ta jefi kishiyarta da ita.

Daren Lahadi shi ne daren da na biya kuɗi dominsa. Rabin zangon ya watse, babu kiɗa, babu haushin kare, sai ƙarar itace a wuta da fitilun Timberline can a jikin dutse idan ka fita bakin ruwa. Na sayo tabarmar soso a Government Camp na shimfiɗa ƙarƙashina, na yi barci har uwargida ce ta tashe ni salla.

In da maki ake bayarwa, huɗu cikin biyar zan ba shi, ɗayan kuma Asabar ce ta cinye. Mai iyali da ke da hali ya kama daga Lahadi zuwa Laraba, ya zaɓi gurbi na ciki nesa da bakin ruwa, amma ba dab da masai ba. Ya zo da bargo fiye da yadda yake zato, da abin shimfiɗa mai kauri, da buta, da bokiti, da jarka don ɗebo ruwa. Mai jariri ko tsohon da ba ya jure kwanan ƙasa, gara ya kwana a gari ya yi sammako, ya iso kafin rana ta fito.

A hanyar dawowa, wajen Sandy, layi ya dawo. Hajiya ta karɓi wayata ta sa jikarta ta tura hoton nan ga ƙannena duka a WhatsApp, ta kuma yi musu saƙon murya na minti shida. Na ji tana ce musu wurin ba laifi, sai dai itacensu tsada, kuma ɗan nan har yau bai iya hura wuta ba.