Gwajin ji a sashen kunne: abin da ya gamsar da ni da inda suka gaza

Cikakken gwajin ji da aka yi mini a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na wani asibiti ya cancanci lokacin da ya ci mini, ko da yake akwai inda suka yi mini rowar bayani. Na daɗe ina aiki kusa da injuna masu ƙara. Sannu a hankali sai wata siririyar ƙara ta zauna mini a kunne ba ta ɗaukewa, kuma idan ana hira cikin taro ina jin muryoyi sarai amma kalmomin suna kuɓuce mini.

Likitar ba ta taɓa kunnena ba sai da ta gama tambayoyi, kuma nan ne na fara yarda da ita. Yaushe abin ya fara, a hankali ko farat ɗaya? Kunne ɗaya ko biyun? Na taɓa yin sanƙarau, ƙyanda ko hangum? An taɓa yi mini allurar gentamicin ko streptomycin, ko na sha kwinin da yawa? Ta ce waɗannan cututtuka da magunguna duk suna iya lalata can cikin kunne, kuma marasa lafiya ba su cika kawo zancensu da kansu ba. Daga nan ta leƙa da 'yar fitilarta. Babu dattin da ya toshe hanya, babu mugunya, dodon kunne lafiya lau. Wata ƙaramar na'ura da ke hura iska a kunne ta tabbatar babu ruwa kwance a bayansa.

Gwajin da ya fi muhimmanci a wani ƙaramin ɗaki aka yi shi, wanda sauti ba ya shiga. Aka sa mini lasifikar kunne, aka ba ni maɓalli in danna duk lokacin da na ji sauti, komai ƙanƙantarsa. Suna bi daga sauti mai kauri na Hertz 250 (Hertz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne) har zuwa mai siriri na Hertz 8,000, kowane kunne daban. Sai aka cire lasifikar, aka ɗora wani abu mai girgiza a kan ƙashin bayan kunnena aka maimaita. Hikimar wannan ta burge ni ƙwarai. Sautin da ya bi ta ƙashi yana tsallake ramin kunne da dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa ukun da ke tsakiya, ya tafi kai tsaye can ciki. Idan mutum yana ji da kyau ta ƙashi amma ba ya ji ta iska, matsalar a hanya take, kuma sau da yawa magani ko tiyata na gyara ta. Idan duka biyun sun faɗi tare, to ɓarnar a can ciki ce ko a jijiyar ji.

Nawa tare suka faɗi. A takardar sakamakon layin yana tafiya daidai, sai ya yi rami a Hertz 4,000, ya ɗan sake hawa. “Malam, wannan ramin aikin ƙarar injin ne,” in ji ta. Can cikin kunne akwai wata gaɓa a naɗe kamar katantanwa, cikinta da ƙwayoyi masu 'yan gasu da ke mayar da girgizar sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Desibel 85 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne) na awa 8 a rana shi ne mizanin da ake ɗauka haɗari ya fara a wurin aiki. Da yake sautuka irin su “s” da “f” a ɓangaren siraran sautuka suke, su ne suka fara ɓace mini, shi ya sa nake jin murya ban gane magana ba.

Inda suka gaza shi ne batun jiri. Na ce ina yin hajijiya wani lokaci idan na juya a kan gado, sai aka wuce zancen aka fara yi mini bayanin na'urar taimaka wa ji. Sai da na nace kafin aka kwantar da ni da sauri, kaina a karkace, ana kallon motsin idanuna. Ashe wasu ƙananan ƙwayoyin kalsiyam ne suka kauce daga mazauninsu a cikin kunne, kuma da jujjuya kai irin na Epley aka mayar da su. Wannan daban yake da wata cutar can cikin kunne da ake kira Ménière, wadda jirinta ke ɗaukar minti 20 zuwa awanni tare da jin kunne ya cika. Sashen da ke da ƙwarewa irin wannan bai kamata ya jira mara lafiya ya nace ba, domin ba kowa ke iya ja da likita ba.

Haka kuma sai ina shirin fita likitar ta ambaci abin da ya kamata a manna a bangon ɗakin jira: duk wanda jinsa ya ɗauke farat ɗaya, musamman a kunne ɗaya, ya garzaya asibiti a ranar, domin maganin da ake bayarwa ya fi aiki a makonni biyun farko. An ba ni kwafin sakamakon, an umarce ni da sa abin toshe kunne a wurin aiki, kuma zan koma bayan shekara a kwatanta sabon layi da wannan.