Wankin rim ɗin aloyi (mai haɗin alminiyam): maganin asid ko shamfun mota?

Wannan baƙin da ke taruwa a rim ƙurar birki ce, akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki, yana sauka da zafi sai ya maƙale a fentin, shi ya sa ruwa kaɗai baya fitar da shi.

Maganin asid gaskiya akwai sauri, kana fesawa baƙin zai fara zuba, babu wahalar dirza. Amma wasu irin nan har da asid ɗin haidurofulorik a ciki, yana cin alminiyam kuma yana ƙona fata, in rim ɗinka gogagge ne mai sheƙi ko fentin saman ya riga ya tsage to asid ɗin zai shiga ta wurin ya bar fari-fari kamar kanwa, kuma wannan tabon baya fita sai an sake fenti, kuɗin kuwa ba kaɗan ba. Wallahi abin yana min ciwo in ga rim mai tsada ya dusashe a banza.

Shamfun mota mai pH 7, wato tsaka-tsaki, ba asid ba kuma ba mai kaifin kanwa ba, shi kam sai da haƙuri. Bokitin rim daban da na jikin mota, burushi mai laushi, a fara watsa ruwa yashi ya sauka tukunna. In baƙin ya yi taurin kai akwai maganin cire ƙarfe wanda yake komawa shunayya in ya kama aiki, minti 3 zuwa 5 a ɗauraye kafin ya bushe.

Ni dai shamfu nake zaɓa. Kuma ko wanne ne a bari rim ya huce, a wanke a inuwa, a hana yaran wankin mota sa soson ƙarfe.